Rarar Tanka

Hannunsa ne ya fara gaya masa. Mai Kananzir ya daɗe yana auna wa mutane mai a rumfarsa ta bakin layi, har fatar yatsunsa ta san kananzir kamar yadda harshe ya san gishiri. Kananzir na ƙwarai in ya taɓa hannu zama yake yi, ya bar maiƙo, sai an bi shi da sabulu. Wannan kuwa, da mazurari ya goce ya fantsamo masa a bayan hannu, sai ya ji wani sanyi-sanyi, kafin ya lalubo tsumma wurin ya bushe ƙarau.

Ya tsaya yana kallon hannun. Ya kai shi hanci, ya sauke, ya sake kaiwa. Daga nan ya ɗibi kaɗan a murfin kwalba, ya zaga bayan rumfa inda babu komai sai yashi, ya ajiye a ƙasa. Ya ɗaura tsinken ashana a bakin wani dogon kara, ya kunna, ya miƙa daga nesa. Da kananzir ne zalla, sai ashanar ta nutse a ciki ta mutu. Amma tun ashanar ba ta kai ga murfin ba wuta ta yi tsalle ta tarbo ta, fuu, ta tashi kamar an mare ta.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

Bai tsaya tambayar kansa daga ina ba, don ya sani. Da sassafe ƙaninsa Auta, direban tankar mai, ya kawo masa jarka cike. Tanka duk yadda aka juye ta ba ta ƙarewa tas, akwai abin da yake maƙalewa a ƙasanta da cikin bututu. Direbobi rara suke ce masa, su tsiyaye shi a jarka su kai gida. Kamfani ya hana, amma kowa ya san ana yi, ana kau da kai ne muddin ba abin da ya faru. Tun da Auta ya sami tankar bai taɓa sayar da rararsa ba. Yayansa yake kawo wa, don shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon tuƙi. Kullum in ya sauke jarkar sai ya ce, "Yaya, ga tsarabarka," yana dariya. Yau ma haka ya ce, kuma Mai Kananzir ya juye ta cikin duronsa a kan sauran na jiya, ya yi ta auna wa mutane tun hantsi.

Ya koma rumfa ya rufe duron, ya kwashe ashana daga kan tebur. Yanzu la'asar ta gota. In rana ta faɗi, kowane gida a layin zai kunna risho ko ya ɗaga ƙwan fitila.

Abin da ya sani game da mai ba a makaranta ya koya ba. Yana saurayi ya yi aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaji na wata matatar mai, a ƙarƙashin wani tsoho mai son magana. Wata rana tsohon ya ɗaga masa kwalbar ɗanyen mai, baƙi wuluk mai kauri, ya ce, "Ka san mene ne wannan? Gawa ce." Ya ce ƙananan halittun teku ne waɗanda ido ba ya ko gani, suka mutu suka nutse, laka ta binne su, wata lakar ta hau ta, nauyi da zafin cikin ƙasa suka yi ta dafa su tsawon zamanin da hankali ba ya iya lissafawa. Sannan ya nuna masa doguwar hasumiyar da ake tace shi. Ana dafa ɗanyen man har ya zama tururi, kowane sashe ya hau iya rashin nauyinsa. Iskar gas ta haye ƙoli, fetur yana biye da ita, kananzir ya tsaya a tsakiya, man manyan motoci ƙasa da shi, kwalta kuwa ba ta tashi ko'ina.

"Uwarsu ɗaya, halinsu daban," in ji tsohon. "Kananzir sai ka lallashe shi da lagwani kafin ya kama. Fetur ba ya jiran gayyata. Ba ma ruwansa ke ci ba, tururinsa ne, shi yake fita ya je ya nemo wutar da kansa."

Mai Kananzir ya sha juya maganar a ransa, don shi mutum ne mai yawan tunani, irin wanda abu kaɗan yake hana shi sakat. Yau sai ta dawo masa da wata fuska. An gina hasumiya mai taɓa sama don a raba abu biyu, ga shi mutum ɗaya ya sake haɗa su a jarka, ba don mugunta ba, don yana ƙaunar ɗan'uwansa. To laifin wa ke nan? Na wanda ya kawo, ko na wanda ya karɓa bai shinshina ba don kyauta ce? Ya ture tunanin gefe. Ba yanzu ba.

Gidansa na bayan rumfar. Ya leƙa ya tarar da matarsa ta jawo risho tana goge shi.

"Kada ki kunna. Wane kananzir ne a ciki?"

"Na shekaranjiya. Lafiya, Maigida? Ka ga fuskarka kuwa?"

Ya gaya mata a taƙaice. Ta dafe ƙirji, amma ba ta yi kuka ba, ita ba mai kuka ba ce. Ta ɗaura gyale a ƙugu ta ce, "Ni zan tsaya a rumfa in karɓi kwalabe. Kai ka bi gidaje. Amma me za ka ce musu?"

"Zan ce ruwa ya shiga."

Ta dube shi, ta ɗan taɓe baki. "To. Allah ya sa su ji."

Ya fara da Mai Shayi na kan kwana, wanda ya sayi galan da rana. Ya same shi yana jera kofuna, rishonsa biyu a gefe suna jiran yamma.

"A'a, Kananzir da kansa! Yau kai ne ka biyo mai, ba mai ya biyo ka ba?"

"Wanda na ba ka ɗazu nake so ka dawo mini da shi. Ruwa ya shiga."

"Ruwa? Shi ne kake haki haka kamar kare ya biyo ka?" Mai Shayi ya yi dariya. "Ruwa ai ƙasa yake kwanciya. Sai in tsiyaye na sama in zubar da na ƙasa. Mun saba da ku, 'yan kasuwa. Je ka huta."

"Ka ba ni dai."

"In ba ka in dafa shayi da me, da numfashina? Mutane na hanya."

Ya ɗauki galan ɗin ya buɗe, ya durƙusa gaban risho. Nan take Mai Kananzir ya gane ƙaryar ba za ta kai shi ko'ina ba. Ya zaɓe ta ne don ta yi laushi, ta kare ƙaninsa, ga shi laushin nata zai kashe mutum. Ya riƙe wuyan hannun Mai Shayi.

"Fetur ne a ciki."

Mai Shayi ya saki galan ɗin ya ja da baya har ya ture benci. "Fetur! Kai, Allah ya isa! Ni ka so ka aika lahira da buta a hannu?" Ya tsaya yana huci. Can sai ya dafe kai. "Wayyo. Matar Tela ta zo ta ɗibi rabin kwalba a wurina. Ita kuma na ji tana cewa za ta sam wa maƙwabciyarta."

Wannan ne bai shiga lissafinsa ba. Kananzir ba ya zama inda aka saye shi. Kwalba ɗaya tana iya ratsa gida uku, wannan ta ranta wa waccan, waccan ta ɗiga wa tsohuwar da ke ɗakin baya. Ya san duk wanda ya auna wa, amma bai san hannun da man ya faɗa ba bayan haka. Sai kuma ya tuna wata mata da ta zo da azahar, baƙuwa ce, bai taɓa ganinta a layin ba. Koriyar kwalba ta miƙo masa mai toshiyar tsumma, da kular abinci a ɗayan hannun. Ba ta yi ciniki ba, ba ta yi hira ba. Bai san daga ina ta fito ba, bai ga inda ta nufa ba.

Ya kira Auta a waya. Kafin ya dawo rumfa da galan ɗin Mai Shayi har Auta ya iso a kan babur, rigar aiki a jikinsa. Matar Mai Kananzir ta ja gefe ta ba su wuri.

"Yaya, wace irin magana ce wannan? Kananzir na ɗauko."

"Shi kaɗai?"

Tankar Auta gida-gida ce a ciki, kowane gida da famfonsa, amma duk bututu ɗaya suke haɗuwa a ƙasa. "Gidan baya fetur ne," ya ce da ƙyar. "Sauri nake yi, ana jirana in fitar da mota. Wallahi na ɗauka na rufe famfonsa."

"Ba ka rufe ba."

"To a bi gidajen a hankali. Ni ma zan taya ka. Ba sai duniya ta ji ba."

"Na gwada a hankali. Ya riga ya wuce hannun waɗanda na sani. Akwai wata baƙuwa ma da ban san inda take ba. Sai an yi shela."

"Shela?" Auta ya matso, ya rage murya. "Yaya, ka san abin da kake faɗa? In aka yi shela hukuma za ta zo. In ta zo za ta tambaye ka inda ka samo. Kamfani ya ji, an karɓe mukulli, sunana ya ɓaci, babu mai sake ba ni ko amalanke. Yarana fa? Ka san wahalar da na sha kafin in hau motar nan, ai a gabanka aka yi."

"Na sani."

"To ka ce a gidan man bakin titi ka saya. Su manya ne, ko a jikinsu."

"Yaron da ke sayarwa a famfonsu shi ma babba ne? Shi za a fara kamawa."

"Haba Yaya! Kyauta fa na kawo maka. Ban taɓa zuwa ƙofarka hannu sake ba. Kai ka raine ni, kai kuma za ka tona mini asiri?"

Maganar ta shige shi har ƙashi, don gaskiya ce. Ya dubi ƙaninsa, ya ga yaron da ya taɓa goyawa zuwa asibiti da zazzaɓi. Wata zuciyar ta ce masa: wataƙila baƙuwar nan ta yi nisa, wataƙila ba yau za ta kunna ba, wataƙila ta kunna lafiya, ai ba kowace kwalba ke fashewa ba. Ɗan'uwanka yana gabanka, ita ko sunanta ba ka sani ba. Ya auna maganar, ya ga tana da nauyi. Abin da ya kasa samu a cikinta shi ne dalilin da rashin sanin sunan mace zai sa fatarta ta ƙi ƙuna.

"Ka ji abin da zan yi, Auta. Ba zan ambaci sunanka a shela ba. Ni na sayar, ni zan ɗauka. Amma in aka tsare ni aka ce ina na samo, ba zan ɗora wa wanda bai ji bai gani ba."

"Ke ba za ki yi masa magana ba?" Auta ya juya ga matar yayansa.

"Rana nake kallo, Auta," ta ce. "Dubi inda ta kai."

Mai Kananzir bai jira ƙarin magana ba. A bakin kasuwa akwai Mai Maganin Ɓera, wanda yake yawo da lasifikar hannu tana maimaita tallansa da ya naɗa a ciki. Ya same shi zaune a kan kwalin kayansa yana fifita da hula.

"Ara mini lasifikarka."

"Za ka shiga sana'ar ne? Ɓerayen layin nan ba su isa mutum biyu ba."

Da ya ji abin da ake ciki sai ya miƙe ya gyara hula. "Tun da nake ban taɓa ganin mai tallan kada a yi amfani da kayansa ba. Mu je, ni zan riƙe maka, ba ta jin maganar baƙo."

Suka kama layi. Mai Kananzir bai taɓa jin muryarsa da ƙarfi haka ba, ta fito tana rawa, ta bugi katangu ta dawo masa kamar ta wani.

"Jama'a, ni ne Mai Kananzir na bakin layi! Duk wanda ya sayi kananzir a wurina yau, kada ya kunna! Akwai fetur a ciki, zai fashe! Wanda aka ranta wa, wanda aka sam wa, kada ya kunna! A dawo da shi rumfa!"

Yatsansa ya taɓa wani maɓalli, lasifikar ta ɓarke da muryar mai ita: "Ci ka mutu a waje! Ci ka mutu a waje!" Yara suka kwashe da dariya. Mai Maganin Ɓera ya fizge ta ya ɗan mare ta a gefe ya mayar masa. "Ci gaba, haka take in ta ga taro."

Ƙofofi suka fara buɗewa. Mata suka fito riƙe da kwalabe nesa da jikinsu kamar sun kamo maciji. Matar Tela ta fito da tata da ta maƙwabciyarta. Wani dattijo ya fito da fitilarsa gaba ɗaya, ya riga ya cika ta, ashana ce kawai ya rasa. Wasu suka yi salati, wasu suka yi zagi. Wata mata mai goyo ta tare shi ta ce, "Macuci! Shekara nawa muna saye a hannunka, ashe ajali kake auna mana!" Bai kare kansa ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ki kai rumfa," ya wuce. Ya lura da wani abu da ya ba shi mamaki: kowane zagi sauƙi yake kawo masa, don mai zagi yana da rai.

Suka bi layin har ƙarshe, suka shiga na bayansa, suka ratsa ta gefen kasuwa. A kowace kwana sai ya ƙara da cewa, "Akwai wata baiwar Allah mai koriyar kwalba da kular abinci! Wanda ya san ta ya taimaka!" Ba wanda ya amsa. Inuwar gidaje ta riga ta haye titi. Muryarsa ta fara dusashewa, maƙogwaronsa kamar an zuba yashi, amma bai sauke lasifikar ba. Duk inda ya waiga yana hango Auta can baya a kan babur, yana biye da su a hankali, bai matso ba kuma bai tafi ba.

A tashar masu babur ɗin haya wani ya ɗaga hannu. "Malam, mai kular nan shuɗiya? Ni na ɗauke ta. Har na ce mata ta riƙe kwalbar da kyau kada ta ɓata mini kujera."

"Ina ka kai ta?"

"Asibitin haihuwa na bayan gada. Ta ƙofar baya ta shiga, inda masu jinya ke girki."

Mai Kananzir ya san wurin. Rumfar kwano ce doguwa, mata a jere kafaɗa da kafaɗa, kowa da wutarta, bayan tagogin ɗakin masu jego. Ya miƙa wa Mai Maganin Ɓera lasifikarsa. Kafin ya buɗe baki ya yi wa mai babur ɗin magana, sai ga Auta ya taka burki a gabansa.

"Hau," ya ce, bai dube shi ba.

Auta direba ne na gaske, ya san inda babur zai kurɗa. Iska na dukan fuskarsu, ya yi magana ba tare da ya waigo ba. "Kada ka ɗauka na huce."

"Ban ɗauka ba."

"Ka kashe ni, Yaya."

"Ƙara wuta dai."

Sun isa ana gab da magariba. Maigadin ƙofar baya ya taso zai tare su, Mai Kananzir ya wuce shi da gudu, abin da ya manta rabon da ya yi. Rumfar cike take da hayaƙi da ƙarar tukwane. Ya bi ta da ido, mace bayan mace, har ya hango ta can ƙarshe, durƙushe gaban wani tsohon risho da tukunyar ruwa a kai. Wutar rishon ta yi ja tana lilo, alamar mansa ya ƙare. Ta riga ta kwance murfin tankin, wutar na ci, kamar yadda mata da yawa suke yi don kada su sake wahalar kunna lagwani. Da kananzir na ƙwarai sau da yawa ana yin haka a tsira. Koriyar kwalbar na hannunta, tana cire tsumman da haƙori.

"Baiwar Allah, kada ki zuba!"

Muryarsa ta riga ta mutu, abin da ya fito bai fi kukan kaza ba. Ya tsallake tukunyar wata, ya ture bokitin wata, ya faɗa kanta ya damƙe kwalbar, ya toshe bakinta da tafin hannunsa.

"Ɓarawo!" ta ƙwalla. Ba ta saki ba. Ta rarumo ludayi da ɗayan hannun ta shiga kwaɗa masa a ka. "Jama'a, ɓarawon kananzir! A asibiti ma ba za ku bar mu ba?"

Mata suka yo kansa da muciya da mafici da murfin tukunya. Yana so ya yi bayani, murya babu. Abin da ya iya kawai shi ne ya riƙe bakin kwalbar, ya juya bayansa ga wutar, ya bar dukan yana sauka. Sai ya ji an murɗe lagwanin rishon an kashe. Auta ne. Ya ɗaga hannu biyu ya yi tsawa irin ta masu saba magana a kan ƙarar inji.

"Ku tsaya! Iyayena, ku tsaya ku gani!"

Ya karɓi kwalbar daga hannun su biyun, ya fita can tsakiyar fili inda babu kowa. Ya ɗiga kaɗan a ƙasa, ya kai kwalbar nesa ya ajiye, ya dawo ya ƙyasta ashana ya jefa. Wutar ta tashi da wani irin gurnani, ta haska fuskokinsu, ta mutu.

Matan suka sauke abin da ke hannunsu. Matar ta dubi rishonta mai buɗaɗɗen tanki, ta dubi tagar da ke saman kanta. Ludayin ya faɗi daga hannunta.

"'Yata ce ta haihu da safe," ta ce, ba ta san ma wa take gaya wa ba. "Ruwan zafi zan kai mata. Gadonta ne a jikin tagar nan."

Daga cikin ɗakin wani jariri ya tsala kuka, wani ya amsa masa. Auta ya tsaya yana kallon tagar, ya daɗe. Wata mata ta ɗauki tukunyar ruwan ta ɗora a kan garwashinta ba tare da an roƙe ta ba. Mai koriyar kwalba ta matso ta dubi ƙullutun da ya taso a goshin Mai Kananzir.

"Bawan Allah, na fasa maka kai."

Ya girgiza hannu, alamar ba komai.

"To wane mara imani ne ya sayar mini da wannan?" Ta ƙura masa ido, sai ta gane shi. "Kai ne!"

Ya gyaɗa kai. Ta buɗe baki, ta rufe, ta rasa wanda za ta fara, zagi ko godiya. Ƙarshe ta ce, "Ka dawo mini da kwalbata in ka wanke."

A hanyar komawa Mai Kananzir ya rungume kwalbar a ƙirji. Da suka shigo layi duhu ya fara sauka, ga jar motar 'yan kwana-kwana a gaban rumfarsa, mutane sun kewaye. Matarsa ta jera kwalabe da galan-galan a kan yashi nesa da gidaje, ta hana kowa matsowa da taba. Wani jami'i mai furfura yana tsaye kusa da duron, da ɗan sanda a gefensa.

"Kai ne mai rumfar?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," ya ce da ragowar muryarsa. Ya ajiye koriyar kwalbar a ƙarshen layin. "Wannan ce ta ƙarshe da na sani."

"Ka kyauta da ka yi shela. Amma za mu tafi da duron, rumfar kuma a rufe take sai an gama bincike." Jami'in ya dube shi. "Ina ka samo shi?"

Tambayar da ya san tana zuwa ke nan tun la'asar, amma sanin bai rage mata nauyi ba. Bai waiga ba. Yana jin babur ɗin Auta a bayansa, injin na ci, ƙafa ɗaya a ƙasa. Juyawa ɗaya ce, ya ɓace a kwana. Mai Kananzir ya buɗe baki zai amsa.

Injin ya mutu.

"Ni na kawo masa," in ji Auta. Ya sauko, ya ratsa mutane. "Rarar tankata ce. Ban rufe famfon fetur ba. Shi bai sani ba."

Ya zaro mukullin tankar daga aljihu, ya juya shi a hannu kamar yau ya fara ganinsa, ya miƙa wa ɗan sandan tun ba a tambaye shi ba. Da za su tafi da shi ya bi ta gaban yayansa, kafaɗarsu ta kusa gogar juna. Mai Kananzir ya ce, "Auta." Auta bai ɗago ba. Matar yayansa ya juya ya ce wa, "A kai wa iyalina babur ɗin."

Motar ta tafi da duron, mutane suka watse suna mayar da zance. Mai Kananzir ya zauna a kan bencin rumfar da babu komai a cikinta sai mazurari. Matarsa ta kawo masa ruwa da tsumma mai sanyi ta ɗora masa a goshi.

"Zai huce," ta ce.

"Wataƙila."

"In kunna maka fitila? Na shekaranjiya ne a ciki."

"Bari tukuna."

Ya zauna yana kallon layin. Tagar Tela ta yi haske. Ta dattijon nan ta biyo baya, da kyandir. Can kan kwana Mai Shayi ya aro garwashi yana hurawa yana mita. Duk tagar da ta haska sai Mai Kananzir ya riƙe numfashi ya kasa kunne, sannan ya sake shi. Bai motsa ba sai da ya ga taga ta ƙarshe ta kama lafiya. Sannan ya miƙe, ya sa takalmi, ya kama hannun babur ɗin ya fara tura shi. Dole ya kai shi gidan Auta ya yi wa matar ƙanin nasa bayani da bakinsa, daga can kuma ya wuce ofishin 'yan sanda, ko Auta zai dube shi ko ba zai dube shi ba.